Tambaya da Amsa: Aikin Kula da Gine-gine da Kayan Aiki a Gidan Yari

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne, ina da difloma a fannin lantarki, kuma na yi wasu shekaru ina aikin gyare-gyare a wani asibiti. An tallata gurbin mataimakin jami'in kula da gine-gine da kayan aiki a wani gidan yari, ina sha'awar nema, amma iyayena da abokaina suna cewa wurin ba shi da gaba, wai duk wanda ya shiga yasar masai zai yi ta yi har ya yi ritaya. Mene ne ainihin aikin, me ake bukata, kuma akwai ci gaba a cikinsa? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗana. Shawarata ita ce ka nema, amma ka san abin da za ka tarar tun kafin ka shiga, domin aikin ya fi ƙarfin yadda mutanenka suke kallonsa, kuma nauyinsa ya wuce yadda kai kanka kake zato.

Zaman da ka yi a asibiti ya riga ya koya maka rabin abin da ake bukata, wato aiki a wurin da ba a rufewa dare da rana, wurin da ɗaukewar wuta ko yankewar ruwa ke iya taɓa rai. Gidan yari ya ƙara abu guda a kan wannan, kuma shi ne tushen komai. Majinyacin da famfon ɗakinsa ya lalace, ɗan'uwansa zai iya kawo masa ruwa daga waje, ko a sauya masa ɗaki, ko ma ya nemi sallama. Mutumin da aka kulle wa ƙofa daga waje tun yamma har wayewar gari ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ruwan da zai sha, iskar da zai shaƙa, hasken da zai gani da shi, da wurin da zai kewaya, duk suna hannun mai kula da ginin. Idan bututun ban ɗaki ya toshe a ɗakin da mutum talatin suke kwana, ƙazanta ta malalo inda suke shimfiɗa, to kafin gari ya waye maganar ta fita daga hannun mai gyaran famfo ta koma hannun jami'an tsaro, saboda mutanen da aka cunkushe cikin wari da zafi ba sa jimawa ba su fusata ba. Shi ya sa duk shugaban gidan yarin da ya san aikinsa yake riƙe jami'in gine-gine da hannu bibbiyu.

Wannan kuma hakki ne da aka rubuta. A watan Disamba na 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da sabunta ƙa'idojin kula da fursunoni waɗanda aka fara tsarawa tun 1955, aka sa musu suna Ƙa'idojin Nelson Mandela. Guda 122 ne, kuma daga ta 12 zuwa ta 17 kusan aikinka suke bayyanawa kai tsaye. Sun ce ɗakin kwana ya cika sharuɗɗan lafiya ta fuskar faɗi da iska da haske, taga ta kai girman da mutum zai iya karatu da hasken rana kuma iska ta shiga, ban ɗaki ya wadatar ta yadda mutum zai biya bukatarsa lokacin da ta taso cikin tsafta da mutunci, sannan duk wurin da fursunoni ke amfani da shi a riƙa gyara shi da tsabtace shi a kowane lokaci. Ƙa'ida ta 22 ta ƙara da cewa ruwan sha ya kasance a kusa da kowane fursuna duk sa'ar da ya bukata. Ƙungiyar Agaji ta Red Cross ta Duniya, wadda injiniyoyinta suka daɗe suna aiki a gidajen yari, ta sa wa wannan magana alƙaluma: murabba'in mita 5.4 ga mai ɗaki shi kaɗai, 3.4 ga kowane mutum a ɗakin haɗaka, ruwa lita 10 zuwa 15 a rana ga kowa a matsayin mafi ƙaranci, da ban ɗaki ɗaya ga mutum 25. Ka karanta waɗannan kafin ranar ganawa da masu ɗaukar aiki, domin mai nema da zai iya lissafa tankin da gida mai mutum dubu yake bukata ya sha gaban wanda takardarsa kawai ya zo da ita.

Aikin yau da kullum kashi biyu ne. Akwai gyaran abin da ya lalace, wanda kowa yake gani, akwai kuma dubawa da gyara tun abin bai lalace ba, wanda ba kowa yake lura da shi ba, alhali nan ne ake gane gwani. Za ka riƙe kundin duk wani abu da gidan ya mallaka, tun daga janareta da injin tura ruwa da tukwanen kicin har kwaɗuna da fitilun katanga, kowanne da shekarunsa da ranar da aka duba shi da ranar da za a sake dubawa. Za ka tsara wa ma'aikatanka aiki, ka sa ido kan 'yan kwangila, ka rubuta kasafin kuɗi, ka kare shi a gaban manya. Idan ka ƙi jinin rubutu da ajiye bayanai, to gara ka koya wa kanka tun yanzu, domin a wannan sana'a aikin da ba a rubuta ba tamkar ba a yi shi ba ne.

Abin da zai fi ba ka mamaki a makon farko shi ne yadda ake bi da kayan aiki. A asibiti idan ka manta filaya a kan silin, asarar filaya kawai ka yi. A gidan yari kowace guduma da sukudireba da zarto tana da lamba, tana da gurbinta a jikin allon sito inda aka zana siffarta, ta yadda da an ɗaga ido za a ga wadda ba ta dawo ba. Za ka ƙirga kayanka kafin ka shiga sashe, ka ƙirga kafin ka fito, kuma ko reza ta zarto ce ta karye, sai ka dawo da gutsattsarin gaba ɗaya. Idan abu guda ya ɓace, ana iya kulle gidan duka a yi ta bincike har a gano shi. Tsani ba a barinsa a jingine, tarkacen ƙarfe ba a barinsa a tsakar gida, ɗan kwangila ba ya yawo sai da ɗan rakiya. Saboda haka gyaran da zai ci minti ashirin a waje yana iya cin rabin yini a ciki, tsakanin jiran a buɗe ƙofofi, da jiran a fitar da mazauna ɗaki, da tsayawa cik idan lokacin ƙirga fursunoni ya yi. Wanda ba shi da haƙuri yakan fara yanke hanya, daga nan kuma matsala take farawa. Haka nan dole idonka ya koyi ganin abin da ba ya gani a da: ƙugiyar da za a iya rataya igiya a jikinta, murfin kwata da ya yi sako-sako, wayar da aka jona ta ɓarauniyar hanya don dafa ruwa.

Wannan wayar ita ce ta fi damuna, kuma tunda lantarki ka karanta, ina so ka riƙe ta da muhimmanci. Gobara a gidan yari ta bambanta da kowace gobara, saboda waɗanda ke ciki ba su da ikon gudu. A watan Fabrairu na 2012 wuta ta tashi a gidan yarin Comayagua da ke Honduras, kimanin mutum 360 suka rasu, akasarinsu a cikin ɗakunan da aka kasa buɗewa a kan lokaci saboda ba a samu makullai ba. A watan Satumba na 2021 wata ta tashi a gidan yarin Tangerang da ke Indonesiya, ta yi sanadin rasuwar mutum 49, kuma ministan shari'ar ƙasar da bakinsa ya ce ba a sabunta wayoyin lantarkin ginin ba tun da aka gina shi a 1972. Idan ka duba, za ka ga abubuwan da suka haddasa wannan asara duk suna cikin jerin ayyukan ofishin da kake son shiga: tsofaffin wayoyi, katifu masu saurin kamawa, da rashin tsarin da zai nuna wa ke riƙe da makulli da tsakar dare. Jami'in da ya nace sai an yi atisayen fitar da mutane, ya auna minti nawa ake ɗauka kafin a buɗe ɗaki na ƙarshe, ya yi aikin ceton rai ko da ba wanda ya taɓa gode masa.

Game da ci gaba, hanyar a buɗe take, sai dai ba ta zuwa da kanta. Yawanci mutum yakan fara da sana'ar hannunsa, ya zama shugaban masu gyara, ya zama mataimakin jami'i, ya riƙe gida guda, daga nan ya kai ga kula da gidaje da dama ko ya koma sashen tsara gine-gine da kwangiloli. Abin da ke ɗaga mutum daga mataki zuwa mataki shi ne ya fita daga sana'arsa ta asali ya san kaɗan-kaɗan na sauran, wato ruwa da magudana da gini da kuɗi da dokokin kiyaye lafiyar ma'aikata. Akwai takardun shaida da ake mutuntawa a ƙasashe da yawa. Ƙungiyar IFMA ta masu kula da gine-gine, wadda aka kafa a Amurka a 1980, tana ba da shaidar FMP ga masu tasowa da ta CFM ga waɗanda suka ƙware, ƙungiyar IWFM ta Birtaniya tana da nata matakan, hukumar jarrabawa ta NEBOSH kuma ta shahara a fannin kiyaye haɗurra. Ka san kuma da ma'aunin ƙasa da ƙasa na ISO 41001 da aka fitar a 2018 don tsara wannan aiki. Amma ka fara da lasisin sana'arka da hukumar ƙasarka ta yarda da shi, kuma ka shirya wa binciken da za a yi a kan halinka da tarihinka, domin ba a ba mutum makullin gidan yari sai an tantance shi. Su kuma mahaifanka, ka zaunar da su cikin ladabi ka bayyana musu abin da na faɗa maka. Yasar masai tana cikin aikin, ba zan ɓoye maka ba, kuma a wurina tana cikin mafi darajarsa, tunda ita ce ke tsakanin ɗaruruwan mutane da cutar amai da gudawa.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina riƙe da sashen gyare-gyare a wani gidan yari, kuma kullum na kai bukatar kuɗin duba injina sai a ce mini babu, sai abu ya mutu gaba ɗaya sannan a fito da ninkin abin da na nema. Yaya zan yi su saurare ni? Daga wani ma'aikaci.

AMSA: Barka kadai, ɗan'uwa. Wannan ciwo ne na kowa a sana'ar, har a ƙasashen da ke da kuɗi. Kuɗin gyara shi ne na farko da ake zaftarewa, saboda illar zaftare shi ba ta bayyana a shekarar da aka yi. Gidan yarin Alcatraz na Amurka, duk da sunan da ya yi, an rufe shi a watan Maris na 1963 ne saboda gishirin teku ya cinye gininsa, ruwan sha ma sai an kawo a jirgin ruwa, kuɗin gudanar da shi kuma ya kusa ninka na sauran gidajen yarin tarayya sau uku. A Birtaniya an miƙa gyaran gidajen yari ga kamfanoni da fatan rage kashe kuɗi, sai ga masu bincike a 2017 sun tarar da gidan yarin Liverpool da fasassun tagogi da ɓeraye da kyankyasai, da ayyukan gyara kimanin 2,000 da suka taru ba a yi ba. A watan Janairu na 2018 kamfanin Carillion, wanda ke riƙe da gyaran gidaje kusan 50, ya durƙushe, dole gwamnati ta kafa nata kamfanin ya karɓi aikin. Zuwa 2020 ofishin binciken kuɗi na ƙasar ya ƙiyasta gyaran da ya taru a kan kimanin fam miliyan 900. Ɗaya daga cikin dalilan da aka gano shi ne cewa lokacin da aka ba da kwangilar, hukuma ba ta da cikakken sanin kayan da ta mallaka da halin da suke ciki.

Darasin da ke ciki gare ka shi ne ka sauya yadda kake kai kuka. Kada ka rubuta cewa injin tura ruwa yana bukatar gyara ka tsaya nan. Ka rubuta shekarunsa, da sau nawa ya tsaya a bana, da abin da aka kashe wajen sayen ruwan tanka a ranakun da ya tsaya, da yawan mutanen da za su rasa ruwa idan ya mutu, da kuma awa nawa tankin ajiya zai iya riƙe gidan. Ka jera bukatunka bisa haɗari, waɗanda suka shafi rai da tsaro a sama, fenti da ado a ƙasa, don a ga kai ma ka san kuɗi ba su da yawa. Ka nemi goyon bayan likitan gidan, domin ƙa'ida ta 35 cikin Ƙa'idojin Nelson Mandela ta ɗora masa duba tsafta da iska da haske da ba shugaban gida shawara, kuma idan shi ya rubuta cewa rashin iska na yaɗa tarin fuka a wani sashe, maganarku ta zama biyu. Duk abin da ka kai, ka kai shi a rubuce da kwanan wata, ka ajiye kwafi. Ranar da abin da ka yi gargaɗi a kansa ya faru, wannan takardar ce za ta tsaya maka.

TAMBAYA: Malam, cikin fursunonin da ke taya ni aiki akwai wani mai walda, gwani ne kuma mai ladabi, mun shaƙu ƙwarai. Kwanan nan ya roƙe ni in kai wa mahaifiyarsa wasiƙa, ya ce ba ta da lafiya. Tausayinsa nake ji, kuma ban ga illar takarda guda ba. Me ka gani? Daga wani mai karatu.

AMSA: Ƙanena, kada ka kai, kuma ka sanar da shugabanka cewa an roƙe ka. Na san wannan magana za ta yi maka ɗaci, kuma mai yiwuwa ne mutumin gaskiya yake faɗa, mahaifiyarsa ba ta da lafiya. Amma wasiƙa tana da hanyarta ta hukuma, akwai jami'an walwala da aka ajiye don irin wannan, kuma taimakon da ya dace da kai shi ne ka kai musu maganarsa, ka bi sawu har a yi. Ranar da ka fita da takarda a aljihunka ba da sanin kowa ba, ka ba wani sirrin da zai iya riƙe ka da shi, ko shi ko wanda ya fi shi ƙarfi a ɗakinsu. Roƙo na biyu zai ɗara na farko, kuma ba za ka iya ƙi ba, tunda ƙin naka yana nufin a tona na farkon.

Ma'aikatan gyara sun fi kowa fuskantar wannan, saboda suna wuni kafaɗa da kafaɗa da fursunoni, ga kayan ƙarfe a hannunsu, ga sanin duk wata hanyar bututu da ke bayan bango. A watan Yuni na 2015 wasu fursunoni biyu da aka ɗaure kan kisan kai sun tsere daga gidan yarin Clinton da ke Dannemora a jihar New York. Wata ma'aikaciyar farar hula da ke kula da shagon ɗinki ce ta shigo musu da rezar zarto da wasu kayan aiki a ɓoye cikin daskararren nama, bayan sun daɗe suna jan ta a jiki da daɗin baki. Sun yanke bangon ƙarfen ɗakunansu, suka bi ta hanyoyin da ke bayan ɗakuna, suka huda bututun tururi, suka ɓullo ta murfin kwata a wajen katanga. An shafe makonni uku ana farautarsu, ita kuma aka yanke mata ɗaurin da zai iya kai shekara bakwai.

Wannan ba ya nufin ka ɗaure fuska ko ka wulaƙanta shi. Ka kira shi da sunansa, ka yaba aikinsa, ka ba shi abin rufe ido da safar hannu kamar yadda za ka ba kowane mai walda, domin ƙa'ida ta 101 ta ce kariyar da ake ba ma'aikaci mai 'yanci ita za a ba fursuna. Ka rubuta masa shaidar ƙwarewa da za ta amfane shi idan ya fita. Kada kuma ka taɓa sa shi ya yi maka aikin gidanka, ko da ƙofa guda ce, saboda ƙa'ida ta 97 ta haramta sa fursuna aiki don amfanin wani ma'aikaci, kuma wannan ma igiya ce da za a iya ɗaure ka da ita. Labarin iyalinka da inda kake zama da matsalar kuɗinka, ka bar su a bakin ƙofa.

TAMBAYA: Malam, ni mace ce, na karanci kula da gidaje da filaye. Mace za ta iya wannan aiki? Kuma idan na yi wasu shekaru na so barin wurin, sunan gidan yari ba zai ɓata mini takarda ba? Daga wata mai karatu.

AMSA: 'Yata, za ki iya, kuma ana bukatarki. Mafi yawan aikin jami'i tsarawa ne da lissafi da sa ido da iya magana da mutane, ba ɗaga buhun siminti ba. Ƙa'ida ta 81 ta ce sashen mata ya kasance ƙarƙashin jami'a mace, kuma namiji ba ya shiga sai da rakiyar ma'aikaciya, don haka gyara a can yakan yi jinkiri idan duk masu gyaran maza ne. Mace a wannan ofishi takan lura da abin da maza ke tsallakewa, kamar ƙofar ban ɗaki mai sirri, da wadatar ruwa ga masu al'ada da masu ciki da masu shayarwa, wanda Ƙa'idojin Bangkok na 2010, wato na Majalisar Ɗinkin Duniya kan mata fursunoni, suka yi magana a kai. Abin da zan ba ki shawara shi ne ki cike giɓin karatunki ta fuskar injina, ki riƙa bin masu gyara zuwa ɗakin janareta da kan tanki kina tambaya, har ki kai matsayin da ɗan kwangila ba zai gaya miki an canza abin da ba a canza ba.

Game da takarda kuwa, ki kwantar da hankalinki. Asibitoci da filayen jiragen sama da bankuna da manyan makarantun kwana duk suna neman wanda ya saba da wurin da ba a rufewa, mai tsauraran matakan tsaro da ƙarancin kuɗi. Idan lokacin tafiya ya yi, ki rubuta abin da kika riƙe da alƙaluma: yawan mutanen da ke gidan, yawan ma'aikatan da ke ƙarƙashinki, girman kasafin da kika sarrafa, da yadda kika rage kwanakin da gyara ke ɗauka. Ki fara tara waɗannan bayanai tun watan farko, amma ki kiyaye kada ki fitar da zanen ginin ko wani bayanin tsaro a cikinsu.